Abin da karela ya koya mini a kicin ɗin Indiyawa

Na yi aikin kuku a gidan wasu Indiyawa 'yan Punjab a nan Kano, kuma duk cikin girke-girken da aka koya mini babu wanda ya ci mini lokaci kamar bharwa karela. Karela ɗan'uwan garahuninmu ne, sai dai ya fi shi tsawo da kauri, jikinsa duk ƙuraje, ɗacinsa kuwa sai wanda ya ɗanɗana. Tsaga shi ake yi, a cika cikinsa da kayan yaji, a ɗaure da zare, a soya a hankali. A baki dai abu ne mai sauƙi.

Mu a gida idan abu yana da ɗaci, wanke shi muke yi ta yi har sai ɗacin ya mutu, kamar yadda muke yi wa shuwaka. Uwargidan ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. A wurinta, duk wanda ya kashe ɗacin karela gaba ɗaya ya ɓata kuɗin cefane, don ɗacin nan shi aka je kasuwa nema. Abin da ake yi shi ne a rage masa kaifi. A kankare ƙurajen bayansa da wuƙa, a tsaga shi ta gefe ɗaya ba tare da an raba shi biyu ba, a ƙwaƙule 'ya'yan da suka yi tauri, a shafe shi da gishiri ciki da waje. Bayan rabin awa zuwa awa 1 zai yi gumi, sai a matse ruwan. Ɗacin da ya saura kuma abokan zama ake nema masa: albasa mai yawa da aka soya har ta yi ja ta kawo zaƙi, amchur, wato garin busasshen ɗanyen mangwaro, ya kawo tsami, sai saunf, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu ƙamshi da Turawa ke kira fennel, da garin kusbara da kurkur da barkono. Wani lokaci ta barbaɗa habbatussauda, wadda su suke kira kalonji.

Ba ta taɓa ba ni awo na cokali ba. Takan ce, "Malam, ɗanɗana tukuna." Karelan wannan mako ba lallai ya zo da ɗacin na makon jiya ba, saboda haka tsamin ma ba zai zama ɗaya ba. Tun daga nan na daina yarda da girkin da aka haddace, ko da miyar kuka ce.

Kankararren bayan ma ba a zubarwa. A sa masa gishiri, a matse, a soya shi tare da albasar, ya koma cikin karelan da ya fito.

Inda aikin yake a gaskiya shi ne wajen wuta. Da man mastad take soyawa, kuma sai an bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi kafin a sa masa komai, don warinsa mai hawa kai ya kwanta. Daga nan a rage wutar ƙasa sosai, a jera karelan a kasko, a rufe, a riƙa juyawa lokaci-lokaci na kamar minti 25 ko 30. In ka ƙara wuta don ka gama da wuri, baya zai ƙone, ciki ɗanye, yajin kuma ya yi baƙi ya ƙara nasa ɗacin a kan na karela. Zaren nan da nake gani kamar ƙaƙale ne, shi ke hana cikin zubewa a wajen juyi. A dai tuna a warware shi kafin a kai tebur.

Wani abin da na fahimta a gidan shi ne kalmar "abincin Indiya" da muke faɗa a dunƙule ba ta kai mai girki ko'ina. Ranar da za a yi baƙi 'yan Gujarat, cikin karelan yakan koma besan, wato garin wani irin wake da Turawa ke kira chickpea, da dakakkiyar gyaɗa da gur, irin mazarƙwailarmu, ya fito da zaƙi-zaƙi. Idan mabiya addinin Jain ne, albasa da tafarnuwa ba sa shiga tukunya sam, sai a nemi ƙamshi a wajen hing, wani ƙaron tsiro mai ƙarfin wari da suke sawa a girki. Mutanen Bengal kuma parwal, wani kayan lambu mai kama da ƙaramar kokwamba, suke cikawa, har da kifi ko jatan lande. Tinda, wani ɗan ƙaramin kayan lambu dangin kabewa wanda yake kewayayye, gicciye ake tsaga kansa a cusa yajin, ba ya bukatar zare. Don haka kafin in ɗauki wuƙa sai na tambayi wanda zai ci.

Da yake girki ne busasshe, ga mai ga gishiri ga tsami, yana kwanaki bai lalace ba, shi ya sa a can suke yin guzurin jirgin ƙasa da shi, a haɗa da chapati ko paratha, wato irin gurasarsu. A gidana man gyaɗa nake amfani da shi, kuma yana yi. Tsamiya ma tana iya tsayawa a madadin amchur, amma jiƙa cikin take yi, ba ya daɗewa. Saboda haka idan ɗanyen mangwaro ya shigo da bazara nakan fere, in yanka siriri-siriri, in shanya a rana har ya bushe ƙarau, in daka in zuba a kwalba.