Shafin da na karanta a taron malamai

Ranar Alhamis ɗin nan na miƙa littafin rubuta bayanin taro ga wanda zai gaje ni, bayan shekara takwas ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tudun Wadar Kaduna. Kafin in miƙa sai da na sake buɗe shafin nan guda ɗaya. Har yau in na gan shi sai gabana ya faɗi.

A ƙarshen 2019, lokacin da gwamnatin jiha ta fara biyan ma'aikatanta mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, mu malaman makarantun kuɗi sai dai mu ji a rediyo. Shi ya sa muka yanke shawarar a riƙa cire wa kowa naira dubu duk wata, a tara don ranar rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa. Wani dattijo a cikinmu, malamin lissafi, shi aka damƙa wa kuɗin kafin a buɗe asusu a banki. Sakataren wancan lokacin ya rufe shafin da cewa za a ci gaba da magana a zama na gaba. Ba a sake zaman ba. A watan Maris na 2020 korona ta zo, aka rufe makarantu, aka kulle Kaduna fiye da wata biyu, azumi ya same mu a cikin gida babu albashi. Da aka dawo kowa ta kansa yake yi. Dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa a shekarar da ta biyo baya.

Littafin ya zo hannuna daga baya, da na zama sakatare. Bayan 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Abokan aikinmu na Rigasa suka koma takowa a ƙafa, su iso aji riga ta jiƙe da gumi. Wata rana ina juya tsofaffin shafuka sai na ci karo da maganar asusun. Na duba takardar albashina, har yanzu ana cire dubun nan. Raina ya ɓaci, kuma ina ganin ina da hujja a hannu.

Ban tambayi kowa ba. Da aka zo sauran batutuwa a taron ƙarshen zango, na miƙe na karanta shafin daga farko har ƙarshe, har da sunan marigayin, sannan na ce, "Ina kuɗin nan suka shiga?"

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Kujera biyu tsakanina da ɗan marigayin, wanda aka ɗauka aiki bayan rasuwar mahaifinsa. Ya sunkuyar da kai yana murza murfin biro har ya tsage. Sai ya tashi ya fita.

Bayan an watse wata Hajiya da ta fi kowa daɗewa a makarantar ta ja ni gefe. Ta ce, "Ɗana, lokacin kulle ba a kawo maka masara da shinkafa gida ba?" Na ce an kawo, daga mai makaranta. Ta girgiza kai. Ashe marigayin ne ya kwashe kuɗin asusun, ya cika da nasa, ya sayi hatsi a ranakun da ake sassauta doka, ya bi mu gida-gida a Keke Napep. Ya hana a faɗa, don kada wani ya ji nauyi. Da wannan shinkafar iyalina suka yi buɗa-baki, ni kuma na tsaya a gaban ɗansa ina tambayar inda ya kai amana.

Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Na ɗauki shafin da aka rubuta shekara uku da rabi da suka wuce kamar jiya aka ajiye biro. Takarda tana tsayawa inda aka bar ta, mutanen da ke cikinta kuwa sun ci gaba da rayuwa, wani ya biya, wani ya yafe, wani yana kabari. Da na tsaya wurin Hajiya minti biyar kafin taron, da ban fama wa yaron nan ciwo ba.

Amma akwai abin da har yau ban iya haɗiyewa ba. Shugaban makaranta ya san labarin hatsin nan tun farko. Yana zaune ya bar ni na karanta har ƙarshe, bai tare ni ba, bai wanke marigayin ba. Abin da ya ce kawai, "Malam, kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta. Maganar da ta wuce a bar ta." Washegari aka miƙo mini takardar tuhuma kan tayar da hankalin ma'aikata. Kuɗin da ke hannun marigayin na 'yan watanni ne kawai. Wanda aka ci gaba da cirewa tun daga dawowarmu, shekara biyu da ɗoriya, ba hannunsa ya shiga ba. Kuskurena ya zama bargon da aka lulluɓe wannan tambayar da shi. Duk wanda ya so ya yi magana sai a ce masa, "Kai ma marigayin za ka tona?"

Na je gidansu a Unguwar Sanusi bayan la'asar, na durƙusa gaban mahaifiyar yaron na ba da haƙuri. Ta ce, "Malam, ai ba ka sani ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Shi ɗan sai da aka yi watanni kafin ya riƙa amsa sallamata da sakin fuska, kuma ban ga laifinsa ba.

Shekara guda na yi shiru, amma ban yarda cewa maganar ta mutu ba. Haƙƙin mutane ba ya ruɓewa don an daina ambatonsa. A karo na biyu ban taɓa tsohon shafin ba. Na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, na tattara takardun albashin waɗanda suka yarda, na rubuta sabuwar wasiƙa da kwanan wata na ranar, na fara lissafi daga watan da aka dawo aiki. Layin farko addu'a ce ga marigayin da bayanin abin da ya yi mana. Malamai da dama suka sa hannu, har da ɗansa. Shugaba ya ce, "Kai dai ba ka gajiya." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan sabuwar magana ce." Kafin ƙarshen zangon aka buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, aka fara mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan. Takardar tuhumar kuwa tana nan a fayil ɗina, ba a taɓa janye ta ba.

Sauran abin da na koya ba su da yawa. Kada sakatare ya rubuta "za a ci gaba" bai sa rana ba. Maganar kuɗi ba a kawo ta a ƙarshen taro, lokacin da kowa ya ƙosa ya tafi. Kuma duk abin da shugaba ya faɗa maka da baki, ka nemi ya rubuta.

A ƙasan tsohon shafin na ƙara layi biyu da jan biro, na bayyana inda kuɗin suka tafi da wanda ya raba hatsin, na sa hannu, Hajiya ma ta sa. Na nuna wa sabon sakataren wurin kafin in ba shi makullin durowa.