Emily Dickinson da tambayar da ta ƙi saki

Duk wanda ya fara jin labarin Emily Dickinson, marubuciyar waƙoƙi 'yar Amurka, abubuwa biyu ake soma gaya masa: cewa ta kulle kanta a gidan mahaifinta tana sanye da fararen tufafi, kuma cewa ba ta da wani zance a waƙoƙinta sai na mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin duka biyun, amma yadda ake faɗarsu yakan sa mai sauraro ya ɗauka wata baiwar Allah ce da tsoro ya rinjaya har ta kasa fitowa cikin mutane. Ni dai tun da na zauna na karanta waƙoƙinta a tsanake, wata mace daban na tarar, mai kaifin ido da ƙarfin hali, wadda ta ga mutanen garinta suna da amsa a shirye game da abin da ke bayan mutuwa, ita kuwa ta ƙi furta wannan amsa da bakinta muddin zuciyarta ba ta gamsu ba. A ganina daga nan ne darajar aikinta ta taso.

An haife ta ranar 10 ga Disamba, 1830, a Amherst, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts da ke arewa maso gabashin Amurka. Gidansu gidan manya ne. Kakanta yana cikin waɗanda suka kafa kwalejin Amherst, mahaifinta Edward Dickinson kuwa lauya ne, ya daɗe yana riƙe da muƙamin ma'ajin kwalejin, har ya taɓa zama ɗan Majalisar Wakilai ta ƙasa. Daga 1840 zuwa 1855 iyalin sun zauna a wani gida da ke maƙwabtaka da maƙabartar garin, saboda haka yarinyar ta tashi tana ganin masu rakiyar gawa suna wucewa ta kusa da tagarta. A wancan zamani tarin fuka da zazzaɓi iri-iri suna ɗauke yara da matasa babu ƙaƙƙautawa, kuma a gida ake jinya, a gida ake cikawa, a gaban 'yan uwa. A 1844, tana da shekara 13, ƙawarta kuma 'yar uwarta Sophia Holland ta rasu bayan zazzaɓi mai tsanani. An bar Emily ta shiga ta gan ta dab da cikawarta, kuma abin ya girgiza ta har sai da iyayenta suka tura ta Boston wurin dangi domin ta samu natsuwa.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ta maƙale wa wannan jigo, sai an san irin addinin da ta tashi a cikinsa. Mutanen Amherst Kiristoci ne masu tsananin riƙo, waɗanda suka gaji aƙidar cewa dole mutum ya ji tuba ta ratsa zuciyarsa, sannan ya miƙe a gaban jama'a ya shaida haka, kafin a lissafa shi cikin masu tsira. A makarantar mata ta Mount Holyoke, inda ta yi karatu daga 1847 zuwa 1848, ana kasa ɗalibai kashi uku, wato waɗanda suka riga suka shaida, da waɗanda ake sa musu rai, da waɗanda ba su da wannan fata, kuma Emily tana cikin kashi na uku har ta bar makarantar. A 1850, lokacin da wata guguwar farfaɗo da addini ta kaɗa a garin, mahaifinta da ƙanwarta Lavinia da aminiyarta Susan Gilbert duk suka shiga coci a matsayin cikakkun mambobi, ita kuwa ta tsaya. Ba ta taɓa daina zancen Allah da lahira ba, kuma Littafi Mai Tsarki ya cika waƙoƙinta maƙil, amma ba ta yarda ta shaida abin da ba ta ji a ranta ba.

Mutanen wannan al'umma suna ba wa sa'ar cikawa muhimmanci ƙwarai. Sukan kewaye majinyaci suna lura da fuskarsa da kalmominsa na ƙarshe, domin su ga alamar ko ya tafi cikin aminci. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda mu ma idan an yi rasuwa mukan so mu ji yadda mamaci ya cika, kuma kullum addu'armu ita ce Allah ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Emily ta ɗauki wannan al'ada da gaske fiye da kowa. Lokacin da Benjamin Newton, wani matashi da ya koyi aikin lauya a ofishin mahaifinta kuma ya buɗe mata ido a kan adabi, ya rasu da tarin fuka a 1853, sai ta rubuta wa wani limamin coci a garin Worcester, mutumin da ba ta taɓa gani ba, tana tambayarsa ko Newton ya karɓi mutuwa da yardar zuciya, kuma ko yana ganin ya isa gida, wato aljanna. Wannan tambaya ce ta ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarta, a wasiƙu da kuma a waƙa.

Waƙar da ta fi nuna mini haka ita ce wadda aka fi sani da waƙar ƙuda, domin ita ba ta raɗa wa waƙoƙinta suna. Mai magana a cikinta mace ce da ta riga ta mutu, tana ba da labarin sa'arta ta ƙarshe. Ɗakin ya yi tsit irin shirun da kan ratsa tsakanin tasowar hadari biyu, masu zaman jinya sun yi kuka har idanunsu sun bushe, kowa ya riƙe numfashi yana jiran lokacin da Sarki zai bayyana a ɗakin. Ta gama wasiyya, ta raba 'yan kayanta. A daidai wannan lokaci da ake sauraron babbar alama, sai ga ƙuda ya shigo tsakaninta da hasken taga yana ƙugi yana tuntuɓe, daga nan tagogin suka dushe, gani ya ɗauke, waƙar ta ƙare. Wasu masu sharhi suna cewa ƙudan yana nufin babu komai bayan mutuwa, wasu kuma suna ganin izgili ne ga masu jiran alama. Ban gamsu da ko ɗaya daga cikin fassarorin nan ba. Abin da waƙar ta yi shi ne ta raka mai mutuwa har zuwa iyakar abin da mai rai zai iya shaidawa, ta tsaya cak a wurin. Ba ta ce Sarkin bai zo ba, ba ta kuma ce ya zo ba, domin idon da zai ba da labari ya riga ya rufe. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar wani nasa har ya cika ya san cewa ƙananan abubuwa irin wannan ƙuda su ne suke maƙalewa a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, kuma Emily ta ga ya dace ta faɗi hakan ko da bai yi daidai da labaran cikawa masu daɗin ji da ake bugawa a zamaninta ba.

Ɗaya waƙar da ta shahara ita ce ta keken doki. A nan mutuwa ta zo a siffar wani dattijo mai ladabi wanda ya tsaya ya ɗauki matar da harkokinta suka hana ta tsayawa dominsa, kuma a cikin keken akwai na ukunsu, wato dawwama. Suna tafiya a hankali, suka wuce makaranta inda yara ke wasa, suka wuce gonakin hatsi, suka wuce rana tana faɗuwa. Sai mai maganar ta gyara zancenta ta ce a'a, ranar ce ta wuce su, kuma nan take ta ji raɓa da sanyi suna ratsa ta, domin tufafin da ke jikinta shara-shara ne. Suka tsaya a gaban wani gida da bai wuce tudun ƙasa ba. Daga nan ta ce ƙarnoni sun shuɗe, amma duk sun fi mata gajarta a kan ranar da ta fara gane inda dawakan suka fuskanta. Mai karatu zai iya jin natsuwa a wannan waƙa, zai kuma iya jin tsikar jikinsa ta tashi, kuma ina ganin da gangan ta bar ƙofofin biyu a buɗe.

Salon da ta zuba wannan tunani a cikinsa shi ma abin lura ne. Yawancin waƙoƙinta a kan karin waƙoƙin coci ta gina su, baiti mai ɗango huɗu, dogo da gajere suna bin juna, irin wanda duk ɗan garin ya saba rerawa ranar Lahadi. Sai dai takan karya tsammanin kunne, ta kawo amsa-amon da ya kusa dacewa amma bai dace sarai ba, ta kuma yanka ɗango da ɗan gajeren layi a inda ake jiran waƙafi ko aya, har zancen ya zama kamar na mai tunani yana tsayawa yana ci gaba. Ta ari muryar masu yaƙini ta yi tambaya da ita.

Shekarun da ta fi yin rubutu sun zo daidai da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma bai kamata a raba abubuwan biyu ba. A watan Maris na 1862 aka kashe Frazar Stearns, ɗan shugaban kwalejin Amherst kuma abokin yayanta Austin, aka kawo gawarsa gida, garin duka ya shiga makoki. Wata guda bayan haka ta aika wa Thomas Wentworth Higginson, wani marubuci da ya wallafa shawarwari ga sababbin marubuta a mujallar Atlantic Monthly, waƙoƙi huɗu tare da tambayar ko waƙarta tana da rai. Higginson ya ga baiwa, amma ya ga kamar aikin bai daidaitu ba, bai kuma ƙarfafa mata gwiwar bugawa ba. Ita kuwa tun daga wajen 1858 ta riga ta tsara nata hanyar adanawa: takan kwafe waƙoƙin a takarda mai kyau, ta naɗe, ta ɗinke da zare da allura, har ta haɗa ƙananan littattafai 40 masu ɗauke da waƙoƙi kusan 800. Waɗanda aka buga tana raye ba su wuce goma ko kusa da haka ba, babu sunanta a kansu, kuma editoci sun taɓa su.

Batun keɓewarta gaskiya ne. Bayan jinyar ido da ta kai ta yankin Boston a 1864 da 1865, da wuya ta sake ƙetare harabar gidansu, kuma daga baya takan yi magana da baƙi ta bayan ƙofa. Lokacin da mahaifinta ya rasu a 1874 aka yi addu'ar jana'iza a cikin gidan, tana ɗakinta na sama ta bar ƙofa a ɗan buɗe tana saurare. Sai dai macen da wasiƙunta fiye da dubu suka tsira har yau, wadda ta aika wa Susan Gilbert, aminiyarta da ta zama matar yayanta kuma take zaune a gidan maƙwabta, waƙoƙi sama da 250, wadda take toya burodin gidan, take kula da lambu, take aika furanni da 'yar takarda ga duk gidan da aka yi rashi, ba za a ce ta yanke zumunci ba. Ta rage fita, ta tsare lokacinta, kuma abin da ta yi da wannan lokaci yana nan ana karantawa. Tana da wata gajeriyar waƙa a kan kaiwa da komowar da ake yi a gida washegarin rasuwa, inda ta ce ana share zuciya ana ninke ƙauna a ajiye, domin ba za a sake bukatarta ba sai a lahira. Wanda bai zauna cikin mutane ya lura da su ba ba zai rubuta haka ba.

Shekarunta na ƙarshe rashi ne a kan rashi. Mahaifiyarta, wadda ta yi shekara bakwai tana fama da shanyewar jiki Emily da Lavinia suna jinyarta, ta rasu a 1882. A 1883 zazzaɓin taifot ya ɗauke Gilbert, ɗan yayanta mai shekara takwas, yaron da take ji da shi ƙwarai, kuma daga wannan rashi lafiyarta ba ta sake komawa daidai ba. A 1884 alƙali Otis Lord, wanda ta so a ƙarshen rayuwarta, shi ma ya rasu. Ita kuma ta cika ranar 15 ga Mayu, 1886, tana da shekara 55, likitanta ya danganta mutuwar da ciwon ƙoda. Kamar yadda ta nema, ma'aikatan gidan ne suka ɗauki farin akwatin gawarta suka ratsa fili da ƙafa zuwa maƙabarta.

Lavinia ta ƙone wasiƙun da aka aiko wa yayarta kamar yadda aka bar mata wasiyya, amma da ta ci karo da tarin waƙoƙin sai ta ƙudura cewa sai an buga su. Mabel Loomis Todd, wata mazauniyar Amherst da ta san iyalin, da Higginson suka fitar da kundi na farko a 1890, ya kuma samu karɓuwa nan da nan, sai dai sun raɗa wa waƙoƙin sunaye, sun gyara alamomin rubutu, sun sauya wasu kalmomi domin amsa-amo ya daidaita. A waƙar keken doki sun cire baitin nan gaba ɗaya inda ranar ta wuce matafiyan sanyi ya ratsa matar, wanda shi ne baitin da ya hana waƙar zama lallashi zalla. Masu karatu sun yi jiran shekara 65 kafin masanin adabi Thomas H. Johnson ya tattara waƙoƙi 1,775 a 1955 bisa rubutun hannunta, sannan a 1998 wani masanin, R. W. Franklin, ya sake tantancewa ya kai adadin 1,789. Saboda haka duk mai son karanta ta, ya duba ko bugun da ke hannunsa ya bi ɗaya daga cikin waɗannan biyun, domin tsofaffin bugun da aka gyara har yanzu suna yawo a intanet da yawa.