Safar Ummi

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ya san abin da ake kira hunturu. Ranar Asabar bayan sallar asuba na tashi yarana biyu, Abba da Ummi, muka ɗauki buhun kayan sanyin da matan layinmu suka haɗa, wasu na gida, wasu gwanjon kasuwar Taminus, da bokitin kunu, muka nufi wata makarantar allo a Unguwar Rogo.

Tun a mota Abba yake ta kumbure-kumbure, wai an katse masa barci. Ban kula shi ba.

Mun tarar da almajiran sun kewaye wutar kara, hayaƙi na shiga idanunsu amma ba mai matsawa. Bayan mun gaisa da Malam na koma gefe, na ce su za su raba da hannunsu.

Akwai wani ɗan mitsitsi, bai fi shekara 6 ba, dugadugansa duk faso har da jini. Ummi ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta zo ta raɗa min: "Mama, ba shi da safa ne?" Na ce je ki tambaye shi. Ba ta tambaya ba. Zama ta yi ta cire tata, ja mai hoton kyanwa, wadda ko taɓawa ba ta bari a yi, ta miƙa masa. Kunya ta kama yaron, ya cusa a aljihu.

Shi kuwa sarkin fushi, shi ya ƙare da zuba kunu a robobi, har da tsawa wai a bi layi. A hanyar dawowa ya ce, "Mama, sati mai zuwa mu taho da basilin."

Yanzu na duba kan madubina, nawa ya yi ƙafa.