Ledar Fitsarin Gado Na Shida

Jiya aka sa min hannu na ƙarshe a takardar kammala hausmanshif, wato shekarar horon sabon likita a asibiti, yanzu sai jiran bautar ƙasa. Ƙannenmu da za su shigo suna ta tambayata a WhatsApp wane ɓangare ne ya fi wuya, ni kuwa duk sanda aka yi min tambayar nan dare ɗaya ne yake faɗo min a rai, lokacin ina wata na biyu a ɓangaren mata da haihuwa.

Wata yarinya aka kawo daga ƙauye, ba ta wuce shekara 17 ba, cikin fari, ta yi jijjiga sau uku kafin su iso har ta tattaune harshenta. Da la'asar aka fara mata magsalf, wato allurar magniziyom salfet ta hana jijjiga, a tsarin Pritchard, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɓari na mazaunai, sai kuma giram 5 duk bayan awa huɗu. Bayan magariba aka yi mata aiki, yaro ya fito da rai. Ni na karɓi dare, daga ni sai nas biyu, gadaje duk sun cika.

Dukkanmu mun haddace abu ukun da ake dubawa kafin a maimaita allurar nan: a buga gwiwa a ga ƙafa ta harba, numfashi kar ya gaza 16 a minti, fitsari kuma ya kai mil 30 a kowace awa. Ƙarfe 12 na leƙa ledar fitsarinta na ga wajen mil 400, amma kalarsa kamar baƙin shayi, hankalina bai kwanta ba sai na kira babban rajistara, likitan da ke sama da ni. Na ce, "Chif, don Allah ka zo ka ga gado na shida." Ya ce akwai fitsari? Na ce akwai. Ya ce, "To ka ci gaba da bayarwa mana, kar ka ƙara tashina a kan irin wannan."

Ƙarfe 4 na dawo a gajiye daga wajen wata mai zubar jini, na sake leƙa ledar, fitsari na nan, ita kuma ta yi luf kamar mai barci, sai na ce a ba ta allurar ban buga gwiwar ba. Abin da ban lura da shi ba, fitsarin nan shi ne dai wanda na gani ƙarfe 12, kuma shi ne na tun fitowarta daga tiyata, babu wanda ya zubar ko ya sa alama. Ƙodarta ta daina aiki, gashi magniziyom ta ƙoda yake fita daga jiki, kenan kowace allura tana hawa kan ta baya ne.

Ana kiran assalatu Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta ƙwala min kira. Na tarar da ita ta riƙe agogo tana kallon ƙirjin yarinyar, numfashi 8 a minti. Ta ɗaga ƙafar ta saki ta faɗi kamar tsumma, na buga gwiwa shiru. Mahaifiyarta na tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu tana cewa "Likita lafiya dai ko?" wallahi na kasa kallonta. A tiren gaggawa babu kalsiyom gulukonet, makarin magniziyom, Allah Ya sa Sista tana da kwalba ɗaya da ta ajiye a lokarta. Ta ce, "Ɗana nutsu, ja mil 10 ka tura a hankali, ni zan riƙe ambu," wato jakar hura numfashi. Hannuna na rawa na tura, bayan 'yan mintuna ƙirjin ya fara ɗagawa da kansa.

Abin da aka koya mana a aji ne na gani ƙiri-ƙiri. Magniziyom yana tare wa kalsiyom hanya a inda jijiya take ba tsoka umarni, shi ya sa harbin gwiwa ne yake fara ɓacewa, sai numfashi, daga ƙarshe zuciya. Gwiwar nan da na tsallake ita ce gargaɗin farko. Kuma kar wani ya ji tsoron magsalf saboda labarina, binciken Magpie na 2002 a kan mata wajen 10,000 ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, matanmu da yawa shi ne sanadin rayuwarsu.

Da safe a zaman bita Chif ya miƙe gaban kwansaltan, babban likitan ɓangaren, ya ce shi babu wanda ya kira shi cikin dare. Ban rubuta kiran a fayil ba, don haka ba ni da ta cewa, aka ƙara min sati biyu. Laifina na ɗauka kuma har gobe ina ɗauka, amma mutumin da bai taka ƙafarsa ɗakin ba tun isha'i shi ne ya tsaya yana yi min wa'azin sakaci, wannan kam na kasa haɗiye shi. Idan ka kira babba ka rubuta lokaci da sunansa da abin da ya ce, ko da dare ya raba.

Sauran abubuwan a gurguje. Jentamaisin ma, allurar kashe ƙwayoyin cuta, sai ka san halin ƙoda kafin ka rubuta. Fotasiyom ba a tura shi kai tsaye a jijiya ko waye ya ce. Gwajin taifot na Widal guda ɗaya a garin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ba ya tabbatar da taifot, ka duba mara lafiyar tukuna. Kuma ka girmama tsofaffin nas.

Yarinyar ta kwana tara, ƙodarta ta dawo a hankali, aka sallame ta da ɗanta a goye. Tun daga daren nan duk ledar fitsarin da na duba sai na ja layi da biro na rubuta lokaci a jiki, yanzu har nas ɗin ɗakin haihuwa sun ɗauka suna yi.