Haƙƙin Baba ya fito, mun gode

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, alat ya shigo. Jiya da la'asar Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba masa, don shi ko ƙararta bai ji ba, haskenta kawai ya gani. Fanshonsa ne na soja, da kuɗin naƙasa, da ariyas. Wata 19 cif muna abu ɗaya. Na karanta masa, ya ce in sake, na sake da ƙarfi dab da kunnensa na dama. Bai ce uffan ba, ya tashi ya yi alwala.

Ba zan maimaita labarin ba, kun sha shi a nan har kun gaji: fayil ɗin da ya yi ɓatan dabo sau 2, sunan Baba da aka rubuta iri 3 tsakanin takardar sallama da banki da katin shaida, takardar rantsuwar kotu, da ranar da aka dawo mana da buƙatarmu aka ce babu hujja. Wanda ya ɓatar da fayil ɗin na bar shi da Allah. Rana ɗaya ce nake so in ba ku labarinta, wadda ban taɓa rubutawa ba.

Mu da farko mun ɗauka kuɗin duk ɗaya ne. Ashe fansho daban, kuɗin naƙasa daban. Fansho lissafin muƙami ne da shekarun aiki. Shi kuwa na naƙasa sai an tabbatar da abu biyu: cewa a bakin aiki ciwon ya same ka, sannan kwamitin likitoci ya auna kashi nawa cikin 100 ya rage maka. A nan muka faɗi karon farko, kuma Allah ya sani, ba duka laifin ofis ba ne. Likita ya tambayi Baba ya jiki, Baba ya ƙame ya ce da sauƙi. Ƙafa fa? Da sauƙi. Barci? Alhamdulillahi. Abin da ya faɗa shi aka rubuta.

Wanda ya gano haka ya hana ni ambatonsa, amma yau sai dai ya yafe mini. Baba Saje ne. Duk wanda ya taɓa zaman jiran tantancewa ya san shi da tsohuwar jakarsa mai zif ɗaya. Shi ma mazan jiya ne, ba ma'aikacin kowa ba, kuma ko kuɗin mota ba ya karɓa. Shi ya karanta takardar da aka ƙi mu da ita layi-layi, ya nuna mini ranar da wa'adin neman a sake dubawa zai ƙare, wadda ni ko lura ban yi da ita ba. Shi ya nemo mutum 2 da suka yi bataliya ɗaya da Baba, suka rubuta shaidar ranar da ɓarɓashin bam ya shiga ƙafarsa, da lambar aikinsu da sa hannunsu.

To, ranar da za mu koma gaban likitoci, Baba ya sha guga, takalmi na ƙyalli. Muna isa baranda ya miƙo mini sandarsa ya ce in ɓoye a bayan benci. Na karɓa, ina ni ina musu da shi? Baba Saje ya tashi, ya zare sandar daga hannuna, ya mayar da ita cikin tafin Baba, ya naɗe yatsunsa a kai. Ya ce, “Kofur, yau ba fareti ba ne. Shekara 22 kana haɗiye ciwo don kada na bayanka su karaya. Yau ba kowa a bayanka sai 'yarka. In an tambaye ka, kar ka ba su labarin ranar da ka tashi da ƙarfinka, ba su labarin daren da ba ka runtsa ba.”

Suka daɗe suna kallon juna. Wallahi na ɗauka Baba zai juya ya tafi gida, kuma da ya juya shi ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan minti ba. Sai ya dogara sandar ya shiga.

A ɗakin nan na san mahaifina. Ya ce kunnensa na hagu bai daina shuuu ba tun zamanin da yake kan igwa. Ya ce in aka buga ƙofa da dare sai gari ya waye yana zaune. Muryarsa na rawa, ni kuma ina kallon silin. Likitar, Allah ya yi mata albarka, ba ta ɗaga masa murya ba. Kujerarta ta juyo ta fuskance shi don ya riƙa ganin bakinta. Ta nuna mini takardar gwajin ji, inda layi ya yi rami wajen 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, ta ce haka ƙara mai tsanani take barin sawunta a kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) ma tana lalata ji in an daɗe a cikinta, balle harbin bindiga da ke haura 140. Shi ya sa yake jin ana magana amma kalmomin ba sa rabuwa, musamman muryar mata da yara. Mu kuwa shekara da shekaru muna cewa Baba ya cika share mutane. Rashin barcin ma ta ce ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali irin na yaƙi, yana da suna da magani, kuma sai a 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da shi littafinsu na cututtuka, bayan yaƙin Biyetnam. Baba ya ce, ashe ba shi kaɗai ba ne.

Baba Saje, Allah ya jiƙan magabatanka, ya ba ka lafiya, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi wannan. Allah ya sa wannan jaka ta zama shaida a gare ka ranar da dukiya ba ta da amfani. Abokan Baba biyu, ɗaya daga kan gadon jinya ya sa hannu, Allah ya tashi kafaɗarsa. Kawuna ƙanin Inna da ya yi ta kai mu yana dawo da mu, Allah ya buɗa masa ta inda bai zata ba. Maigidana da ya riƙe yara bai taɓa ƙorafi ba, na gode. Ku da kuka yi ta addu'a a nan, da wadda ta turo mini samfurin wasiƙar neman a sake dubawa da ƙarfe 2 na dare, Allah ya biya muku buƙatunku na alheri, ya raba ku da zaryar ofis, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Waɗanda suka rasu suna jiran nasu, Allah ya gafarta musu, ya isar wa iyalansu.

Akwai 'yan uwa na jini da tun farko suka ce mu haƙura, wahalar banza muke yi. Ba komai. Wata 19 ko sannu ba mu ji ba, amma tun daren jiya wayar Baba ba ta huta ba. Sai dai ku yi haƙuri, kun san ba ya jin ƙararta.

Kada a tambaye ni nawa ne. Abu na farko dai na'urar ji za mu sayo, don ya ce yana so ya ji abin da jikarsa take ta faɗa masa. Wanda ya kira ni yau bai same ni ba ya yi mini uzuri, barci zan yi.