Liƙa tagulla a samfurin jirgin yaƙi: yadda ake yi a yanayin Kano

Jirgin yaƙin Jamus, Bismarck, wanda aka nutsar a watan Mayun 1941, tsawonsa mita 251 ne. A ma'aunin 1/350, wato an rage girmansa sau 350, irin samfurin roba da kamfanonin Tamiya da Revell suke fitarwa, ya koma kusan santimita 72. Shingen da ke gefen jirgin kuwa, wanda bai wuce ƙugun mutum sosai ba, tsayinsa a samfurin milimita 3 kacal. Roba ba ta iya yin wannan sirantar, shi ya sa ake sayen fallen tagulla daban, wanda aka zana da haske, sinadari ya cinye sauran, ya bar shinge da tsani da ragar rada. Kaurinsa bai cika wuce milimita 0.2 ba. Kamfanonin Eduard da Pontos suna cikin masu yin sa, kuma kowane falle na jirginsa ne, don haka a duba sunan jirgi da kamfani da ma'auni kafin a yi oda.

Kayan aikin ba sai an je da nisa ba. Hantsaki mai tsinin baki na masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre, ya wadatar. Sai wuƙar tiyata mai lanƙwasasshen baki, reza biyu, guntun tayil, salatif, tsinken sakace, samfefa mai laushi, sufa gulu da farin gam na kafintoci.

Kafin a yanki komai, a goge fallen da sifirit, domin maiƙon hannu yana hana gam da fenti kamawa. A yi yankan a kan tayil. In aka yi a kan katako ko roba, wurin zai loma, tagullar ta bi shi ta lanƙwashe. A kashe fanka, a ɗora ɗan salatif a gefen abin da za a yanka, sannan a danna wuƙa a jikin ɗan maƙalin da ya riƙe shi a fallen, danna ɗaya. Ba salatif, tsanin da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai yi tsalle, kuma in ya faɗa tabarma ya tafi ke nan.

Wajen lanƙwasa, kowane sashe yana da ɗan layin da aka rage masa kauri. A danne gefe ɗaya da reza daidai kan layin, a zura ta biyun ta ƙasa, a ɗaga a hankali. Sau ɗaya ake yi. Tagulla tana taurara duk lokacin da aka motsa ta, kuma in aka mayar aka sake, a karo na biyu ko na uku take karyewa. Abin da za a naɗe ya yi zobe, a gifta shi a harshen kyandir har launinsa ya sauya, a bari ya huce, sai a naɗe shi a jikin ƙusa. Amma kada a gasa shinge, zai yi laushin da ko numfashi ya karkatar da shi.

Gam shi ne inda yanayinmu ya bambanta da abin da ake gani a bidiyon Turawa. Sufa gulu da danshin iska yake kamawa. Da hunturu, iskar Kano a bushe take ƙayau, sai ka riƙe shinge minti guda bai tsaya ba, ka ƙara gam, ya taru ya yi dunƙule. Ƙarin ba shi ne magani ba. Ɗan hucin baki a wurin ya isa. Da damina kuma nan take yake kamawa, har ya bar farin hazo a kan fenti in ya yi yawa. Hanyar da na fi yarda da ita: a yanka shinge guntu-guntu, kada ya wuce santimita 5, mahaɗar ta faɗo kan ginshiƙin shingen. A ɗiga farin gam wuri uku da tsinken sakace, a ɗora, a daidaita tunda yana ba da 'yan mintuna. In ya tsaya, a zuba ɗigon sufa gulu a kan murfin kwalba, a tsoma siririyar waya, a bi gindin shingen da ita. Kada bakin tubu ya taɓa jirgi.

Ana fara liƙawa daga tsakiyar jirgi a yo waje, shingen gefe shi ne na ƙarshe, in ba haka ba hannunka ne zai murƙushe shi. Fentin share fage na ƙarfe a yi shi tun tagullar tana kan falle, feshi biyu marasa kauri, daga nisan kamar taƙi guda. Mai kauri yana toshe ragar rada. Da bazara a yi feshin da sassafe, don zafin rana yana busar da fenti tun yana iska, ya sauka kamar yashi. Ana gamawa a kifa kwali a kai saboda ƙura. Daga ƙarshe a bi duka jirgin da feshin da ke kashe ƙyalli, shi zai ɓoye sheƙin gam a gindin shingen.