Yaran aji ɗaya sun je marina

Wannan zangon muna kan launuka ne da ƙirga daga 1 zuwa 20, to sai muka ce bari mu fita da su marinar Ƙofar Mata su gani da idonsu. Wallahi yaran nan sun burge ni, wani dattijo yana tsoma farin yadi cikin rijiyar rini yana ɗagowa yana mayarwa, ya fito kore-kore sannan iska ta buga shi ya koma shuɗi, duk suka yi tsit, can wata ta ce Malama kalli hannun Baba ma ya rine! Mun ƙirga rijiyoyin da ke gabanmu, har wanda bai cika magana a aji ba ya ɗaga murya.

Iyaye don Allah ku taya mu. Ba sai an yi boko ba, ki ba yaronki albasa ya ƙirga miki, ko ki tambaye shi me aka koya yau ki tsaya ki saurara. Kuma a riƙa sa hannu a takardar izinin fita da wuri, a zuba masu ruwa a gora saboda zafin Kano. Fita ta gaba gidan tarihi na Gidan Makama ne in sha Allahu.